Tambaya da Amsa: Wa Ke da Ta Cewa a Inda Kogi Ya Haɗu da Teku?

A fitowar da ta gabata na yi bayani a kan mahaɗar kogi da teku, har na ce duk wanda zai taɓa irin wannan wuri da gada ko tashar jiragen ruwa ko madatsa, to ya fara zama da mutanen da ke ci daga ruwan tun kafin ya zana taswirar aikinsa. Maganar ta jawo wasiƙu da dama. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce, kuma a bana aka fara koya mana binciken tasirin ayyuka ga muhalli. Ka ce mahaɗar kogi da teku ta fi ko'ina wuyar bincike. Me ya bambanta ta da tafki ko da kogin kansa?

AMSA: 'Yata, bambancin shi ne wannan ruwa ba ya tsayawa ki auna shi. A yawancin gaɓoɓin duniya teku na cika ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50. Cikar ma ba ɗaya ba ce: tana yin ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu, ta yi rauni a tsakaninsu. Ga kuma kogin, wanda da damina yakan tura ruwan daɗi har cikin teku, da rani kuwa ya sassauta teku ya biyo shi gida. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, don haka ya fi ruwan daɗi nauyi, sai ya riƙa kutsawa ta ƙasa kamar harshe, na daɗi yana bi ta samansa. In kika ɗebi ruwa daga sama da safe kika rubuta cewa wurin na ruwan daɗi ne, wanda ya zura guga ƙasa da yamma zai ƙaryata ki, kuma dukanku gaskiya kuka faɗa.

A wannan cakuɗar ake samun ruwan zartsi, kuma a cikinsa ne ƙananan kifaye da jatan lande ke girma a tsakanin saiwoyin itatuwan gaɓa kafin su fita teku. Masuncin da ke kama kifi can nesa da gaɓa, sau da yawa abin da laka da zartsin bakin kogi suka raina masa yake kamawa.

Bari in ba ki misalin da nake son kowane ɗalibi ya sani. Kafin 1986, a shekarun fari ruwan gishiri kan hau kogin Senegal fiye da kilomita 200 da rani. Ƙungiyar OMVS, wadda Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa a 1972 don raya kogin, ta gina madatsar Diama a ɗan sama da birnin Saint-Louis domin tare gishirin a samu ruwan noman rani da na sha. Madatsar ta yi aikin da aka gina ta dominsa. Amma ruwan da ke bayanta ya zama na daɗi zalla, mai kwanciya, sai kacala ta mamaye shi, katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya ta samu gidan zama. Wani babban jatan lande da ke cin katantanwar, wanda ƙananansa ba sa girma sai a zartsi, madatsar ta datse masa hanya. A 1988 aka fara ganin tsargiyar hanji a garin Richard-Toll, cikin 'yan shekaru ta zama annoba. A gaban madatsar kuma, fadamun da ambaliya ke shayarwa duk shekara suka bushe, gishiri ya fito saman ƙasa fari fat.

To ki duba inda abin ya bi: daga gishiri zuwa jatan lande, daga nan zuwa katantanwa, daga katantanwa zuwa cikin yaro mai wanka a bakin ruwa. Binciken da aka yi a mako uku na rani ba zai ga wannan sarƙa ba. Idan rahoto ya zo hannunki, fara buɗe shafin da ya faɗi ranakun da aka fita awo. In bai haɗa damina da rani ba, in bai haɗa babbar cika da ƙarama ba, in ba a auna sama da ƙasan ruwa ba, to duk kyan taswirorin da ke ciki a kan zato aka zana su.

TAMBAYA: Malam, ina cikin shugabannin wata ƙungiyar masunta. An aiko mana takardar gayyata zuwa taron jin ra'ayi a kan yashe bakin koginmu don manyan jirage su shigo. Mutanena na cewa ɓata lokaci ne, an riga an gama magana a sama. Mu je ko kada mu je?

AMSA: Malam, ku je. Amma ba zan ce mutanenka sun yi kuskure a zatonsu ba, domin na sha zama a irin taron da suke tsoro. Akwai wani da ba na mantawa: aka jera kujeru, aka haska hotuna a bango, aka yi awa biyu ana karanto rahoto da harshen da rabin mahalarta ba sa ji. Wata dattijuwa mai tsintar kawa a cikin laka ta miƙe ta ce wurin da aka nuna za a zuba yashin da aka yaso, nan ne suke aiki idan ruwa ya janye. Aka gode mata, aka wuce. Daga baya na nemi maganarta a rubutaccen bayanin taron ban same ta ba. Ina cikin waɗanda suka zauna a teburin gaba ran nan, kuma ban tsayar da taron ba. Har yau abin yana ci mini rai, shi ya sa zan tsawaita a kan tambayarka.

Tambayar farko da za ku yi, kafin komai, ita ce: mene ne har yanzu ba a yanke ba? Zurfin yasar? Hanyar da jiragen za su bi? Wurin zuba laka? Watannin da za a yi aikin? In aka ce muku duk an yanke, to sanarwa aka kira ku ku ji, kuma ku nemi a rubuta hakan a bayanin taro da bakinku. Yarjejeniyar Aarhus ta 1998, wadda ƙasashen Turai da na tsakiyar Asiya suka shiga, ta shimfiɗa wannan ƙa'ida ƙarara, cewa a shigo da jama'a da wuri, lokacin da duk zaɓuɓɓuka suke buɗe. Ko ƙasarku ba ta cikinta, ma'aunin nan yana aiki a ko'ina. Sanarwar Rio ta 1992 ma ta tanadi haƙƙin jama'a na samun bayani da shiga shawara a kan muhallinsu.

Abin da zai ba ku ƙarfi shi ne ku zo da abin da ba kowa ke da shi ba. Ƙwararren da aka ɗauko ya zo da na'ura ya yi makonni, ku kuwa kun gaji ruwan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai sanin da ke cikin kai ba ya shiga rahoto. Ku zauna tun kafin ranar, maza da mata, ku zana taswirarku ko da a kan babbar takarda ce: inda kifi ke ƙwai da watan da yake yi, inda ake kafa taru, hanyar kwalekwale idan ruwa ya janye, rijiyoyin da suka fara zartsi, inda laka ke taruwa. Ku sa hannu, ku miƙa kwafi ɗaya a karɓa a rubuce, ku riƙe ɗaya. Matan da ke aikin laka su yi magana da bakinsu. Yawanci su ne asararsu ba ta shiga lissafi, domin ba su da jirgi ko rajistar da za a ƙirga.

Kada ka ɗauka wannan mafarki ne. A wancan kogin na Senegal, a gefen Muritaniya, an kafa gandun Diawling a 1991 a kan fadamun da madatsar Diama ta busar. Da aka zo farfaɗo da su tare da ƙungiyar kare halittu ta IUCN, aka gina jinga da ƙofofin ruwa don a riƙa sakin ambaliya da hannu. Sai tambaya ta taso: yaushe za a buɗe ƙofa? Masunta suka ce da wuri, tun a Yuli, domin sun san lokacin da karfasa ke shirin ƙwai. Mata masu saƙa tabarma suka ce ciyawar da suke yanka tana buƙatar jiƙon ruwan sama kafin ambaliya ta rufe ta. Aka yi ta kai-komo har aka tsaya a kan a fara sakin ruwa kaɗan ya jiƙa ƙasa kamar an yi yayyafi, sannan a riƙa ɗaga shi sannu a hankali. Kifi ya dawo, ciyawa da bado da bagaruwa suka farfaɗo, tsuntsaye masu ƙaura suka dawo. Ba wani injiniya da zai iya fito da wannan jadawali shi kaɗai a ofis.

Ko a inda ake taƙama da injiniyoyi an ga haka. Bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum 1,836 a Holan, gwamnati ta shirya toshe bakin Oosterschelde, wani mashigin teku a kudu maso yammacin ƙasar, gaba ɗaya da madatsa, har an fara aiki. Masunta da masu kiwon kawa da masu kare muhalli suka tashi tsaye suka ce toshewar za ta kashe ruwan. A tsakiyar shekarun 1970 aka sauya zane. Abin da aka buɗe a 1986 shinge ne mai ƙofofi 62 da ke zama a buɗe teku na shiga yana fita, ba a rufe su sai guguwa ta taso. Ya ci kuɗi fiye da madatsar da aka fara niyya, kuma bai rasa tasa illar ba, domin tsibiran yashin da ke ciki suna zaizayewa a hankali tun daga lokacin. Duk da haka ruwan na raye, ana kuma sana'a a cikinsa.

Game da yasar kanta, ga abin da za ku matsa a kai. Idan aka zurfafa hanyar ruwa, harshen gishirin nan yakan ƙara kutsawa sama, don haka ku tambaya har ina aka yi hasashen zai kai da rani, da kuma rijiyoyi da gonakin da ke kan hanyarsa. Ku tambaya ko an gwada lakar da za a tono, saboda a bakin kogin da ke da masana'antu laka kan ɓoye gubar shekaru, tono kuma ya tashe ta. Ku nemi a hana aiki a watannin ƙwan kifi. Ku tambaya sau nawa za a maimaita yasar, don hanyar da aka yashe cikewa take yi. Sannan ku nemi kujera a kwamitin da zai sa ido bayan an fara aiki, da sharaɗin cewa in gishiri ko dagulewar ruwa ta wuce wani ma'auni da aka rubuta, aiki zai tsaya. Ku tuna kuma cewa a yawancin ƙasashe mai aikin ne ke biyan wanda ya rubuta rahoton. Wannan bai sa rahoton ya zama ƙarya ba, amma ya isa dalilin da za ku nemi wani masani da ba ya cin albashin aikin ya karanta muku shi.

TAMBAYA: Ni injiniya ne. Ina ganin kuna cika zuzuta shawara da jama'a. Ambaliya ba ta jiran taro. Wani lokaci dole hukuma ta yanke hukunci cikin dare ta ceci rayuka.

AMSA: Injiniya, gaskiyarka, akwai daren da ba a kiran taro. Tambayata ita ce me aka yi a shekarun da suka gabaci daren.

A Oktoban 2003 kogin Senegal ya cika yana barazanar cinye Saint-Louis. Tsakanin kogin da teku akwai wani siririn zirin yashi mai suna Langue de Barbarie, wanda ke tilasta wa kogin tafiya kudu mai nisa kafin ya samu mafita. Hukumomi suka sa aka yanka zirin a kudu da birnin, hanya mai faɗin mita 4 kacal, don ruwa ya samu gajeriyar hanya. Ruwan ya sauka, birnin ya tsira a wannan shekara. Amma teku ya kama bakin yankan yana ci. Cikin watanni ya zama ɗaruruwan mita, daga baya kilomitoci. Ƙauyen Doun Baba Dieye ya nutse mutanensa suka watse, gishiri ya shiga gonakin lambu na yankin Gandiol, masunta da yawa kuma suka rasa rayukansu wajen tsallaka sabon bakin da igiyarsa ke da haɗari. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ba na zargin wanda ya ga ruwa na hawa gidajen mutane ya nemi mafita. Abin da nake cewa, ambaliyar Saint-Louis ba baƙuwa ba ce. Da a shekarun kwanciyar hankali an zauna an yi nazarin abin da yanka zirin zai haifar, an kuma shirya yadda za a ɗaure bakinsa ko a mayar da shi, da daren gaggawar ya tarar da shiri a ƙasa.

Abin da ya burge ni da tsarin da Ingila ta yi wa bakin kogin Thames ke nan. Shingen da ke kare Landan ya fara aiki a 1982. Maimakon a jira ya gaza, hukumar muhallin ƙasar ta yi shekaru tana tattaunawa da ƙananan hukumomi da masu tashoshin jirage da mazauna gaɓa, ta fito da shiri har zuwa 2100, wanda aka fitar a 2012. Shirin bai ɗaure kansa da hasashe ɗaya ba. Ya ajiye hanyoyi da dama, ya kuma faɗi alamomin da za a riƙa aunawa, irin su hawan teku, domin in sun kai wani matsayi a koma hanya ta gaba tun da sauran lokacin gini. Ka san matsakaicin hawan teku a duniya ya kai kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma saurinsa na ƙaruwa, don haka zanen da aka yi da ma'aunin jiya ba zai daɗe ba.

Zan kuma ba ka gaskiya a wani wuri: zama da jama'a ba ya sa kowa ya tashi da murna. Tashar Antwerp ta Beljiyam ba ta da hanyar fita teku sai ta bakin kogin Scheldt, wanda ke cikin Holan. A 2005 ɓangarorin biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta haɗa zurfafa hanyar jirage da kariya daga ambaliya da kuma mayar wa ruwa wasu filaye. Cikinsu har da gonakin Hedwige, kusan hekta 300 da kakanni suka ƙwato daga teku. Mutanen yankin Zeeland na Holan, inda gonakin suke, suka ƙi, aka yi shekaru ana shari'a da jayayya a majalisa, sai a 2022 aka fasa jinga ruwa ya shiga. Waɗanda suka noma wannan ƙasa sun yi asarar da diyya ba ta gogewa. Amma an san sunan asarar, an san mai ita, an yi gardama a kanta a fili, kotu ta saurare ta. Mutanen Doun Baba Dieye ba wanda ya tambaye su.

TAMBAYA: Ina aiki a ofishin da ke duba rahotannin muhalli. Duk aikin da ya zo gabanmu yana cika sharuɗɗa, amma ruwan bakin kogin kullum ƙara lalacewa yake. Ina matsalar take?

AMSA: 'Yar'uwa, matsalar tana cikin kalmar "duk aikin". Tun da Amurka ta fara wajabta irin wannan bincike da dokar da ta fara aiki a 1970, ƙasashe suka bi sahu, tsarin ya ginu ne a kan duba aiki ɗaya-ɗaya. Masana'anta ta ce nata ƙazantar kaɗan ce, otal ya ce itatuwan da zai sare kaɗan ne, gonar kifi ta ce haka. Kowa ya yi gaskiya, kogin kuma shi ke haɗiye jimillar.

Mashigin Chesapeake a gabashin Amurka yana karɓar ruwa daga jihohi 6 da birnin Washington, yankin da mutum fiye da miliyan 18 ke zaune. Abin da ke shaƙe shi shi ne naitirojin da fosfaras daga takin gona da kashin dabbobi da ruwan masai na birane. Su ke ciyar da gansakuka, in ta mutu ta ruɓe ta shanye iskar oksijin, ƙasan ruwa ya zama kufai. Manomin da ke can cikin jihar Pennsylvania bai taɓa ganin mashigin daga gonarsa ba, amma kogin Susquehanna, wanda ke kawo kusan rabin ruwan daɗin da ke shiga, yana kai masa saƙonsa. A 1983 aka sa hannu a yarjejeniyar haɗin gwiwa ta farko. A 1987 aka yi alkawarin rage waɗannan sinadarai da kashi 40 cikin 100 kafin 2000, ba a cika ba. Sai a 2010 hukumar kare muhalli ta tarayya ta ƙayyade jimillar abin da mashigin zai iya ɗauka, ta raba wa kowace jiha kasonta, da duba ci gaba duk shekara biyu.

Ba sai kin jira sabuwar doka ba kafin ki fara. Ki ɗauko rahotannin da ofishinku ya amince da su a shekaru goma da suka wuce a kan wannan kogin, ki sa su a taswira ɗaya, ki haɗa hektocin itatuwan gaɓa da kowanne ya ce zai sare, da yawan ruwan datti da kowanne ya ce zai zubar. Ki kai wa shugabanki wannan shafi ɗaya, ki nemi a kira ofishin kamun kifi da na tashar jirage da na filaye da na ruwan sha, tare da wakilan masunta da manoman sama, su dube shi a zama ɗaya. Rahoton da zai zo teburinki bayan nan, ki mayar da shi da tambaya a rubuce: in aka ɗora naku a kan wannan jimilla, nawa ta zama?